Ciwon Gindin Babban Yatsa: Tsakanin Haƙuri, Tiyata da Doguwar Jinya

Da zarar kaka ta yi a Bomo da ke jihar Kaduna, aikin hannu ne yake cika gidaje. Masarar da ba ta kai yawan da za a kira mai inji ba, a tsakar gida ake baje ta, mata da yara su zauna suna ɓara. Gyaɗa ma haka. Ga tuƙin tuwo safe da dare, ga matsar wanki, ga tsinkar barkono da tumatir a fadama idan rani ya shigo. A Samaru akwai maɗinka da masu kitso da dukawa da malaman makaranta masu wuni riƙe da alli. A kasuwar Sabon Gari akwai masu ƙulla leda ɗari-ɗari a rana, da makanikai masu murɗa noti. Duk waɗannan sana'o'i a kan yatsa guda suke tsaye, wato babban yatsa.

A cikin mutanen nan akwai masu wani ciwo da ba kasafai ake kai shi asibiti ba. Zafi ne a gindin babban yatsa, daidai inda ya haɗu da wuyan hannu. Yakan fara da ɗan suka idan an zo murɗa makulli ko buɗe murfin kwalba. A hankali sai matsar zane ta gagara, allura ta riƙa suɓucewa, kofin shayi ya faɗi. Idan dattijuwa ta yi ƙorafi, amsar da ta fi ji ita ce, "Inna, ai sanyi ne," ko kuma, "Girma ne ya zo, sai haƙuri." Daga nan sai man zafi da ƙwayoyin kemis, shekara da shekaru.

Ciwon yana da suna, yana da dalili, yana kuma da magani hawa-hawa, har da tiyata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya koma mazauninsa na dindindin a Shika a shekarar 2005, tafiyar 'yan mintuna ce a mota daga Bomo. Amma kusancin asibiti bai sauƙaƙa shawarar da ke gaban mai ciwon ba: a yi aiki ko a dakata? Idan an yi, wa zai riƙe gidan da sana'ar har hannu ya warke?

Gaɓar da ke ɗauke da nauyin hannu

Wuyan hannun ɗan Adam yana da ƙananan ƙasusuwa 8. Ɗaya daga cikinsu, wanda likitoci ke kira tirafiziyam, shi ne babban yatsa yake zaune a kansa. Fuskar wannan ƙashi tana da siffar sirdin doki, ƙashin yatsan kuma yana kansa kamar mahayi: ya sunkuya gaba, ya koma baya, ya karkata gefe, ya kuma juya. Wannan sakewa ce ta ba mutum damar taɓa kan kowane yatsa da babban yatsansa. Saboda haka ne masu auna nakasa suke lissafa babban yatsa a matsayin kashi 40 cikin 100 na amfanin hannu gaba ɗaya.

Sakewar tana da tsada. A 1977, masu bincike biyu a asibitin Mayo na Amurka, Cooney da Chao, sun auna nauyin da ke sauka a kan gaɓar. Sun gano cewa idan mutum ya matsa abu da ƙarfin kilo 1 tsakanin babban yatsa da manuni, nauyin kimanin kilo 12 ne yake sauka a gindin yatsan. Idan kuwa damƙa ce mai ƙarfi, nauyin yakan kai kilo 120. Sai a lissafa sau nawa macen da take tuƙa tuwon gida mai mutum goma take damƙar muciya a shekara talatin.

Ƙarshen ƙasusuwan biyu yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, jijiyoyi kuma suna ɗaure da su. Idan jijiyoyin suka saki, gaɓar takan riƙa zamewa, guringuntsin ya zaizaye, har ƙashi ya koma gugar ƙashi. Jiki yakan tsirar da 'yan ƙusoshin ƙashi a gefe, gindin yatsan ya yi tudu, yatsan ya lanƙwashe zuwa tafin hannu, riƙe abu mai faɗi kamar kwano ya yi wuya. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai na zaizayewa. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman bayan ɗaukewar al'ada, kuma yana bin jini a wasu dangi. Maza matasa ma yana samunsu idan an taɓa karya gindin yatsan har cikin gaɓa, irin karayar da likitan Dublin Edward Bennett ya bayyana a 1882, wadda faɗuwa daga babur ko naushi kan haddasa. Idan aka yi ɗorin irin wannan karaya bai zauna daidai ba, amosani yakan biyo baya tun mutum yana da sauran ƙarfinsa.

Ba kowane ciwon yatsa ne amosani ba

Matakin farko shi ne a tabbatar da abin da ake fama da shi, domin cututtuka da dama suna taruwa a wannan ɗan wuri. Akwai kumburin jijiyoyin da ke ɗaga babban yatsa a gefen wuyan hannu, wanda ya fi damun masu jego saboda yawan ɗaga jariri. Akwai matsewar jijiyar ji a wuyan hannu, mai sa yatsu su riƙa mutuwa ko tafiyar kiyashi da dare. Akwai yatsan da yake maƙalewa sai an miƙe shi da ɗayan hannun. Akwai kuma amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, mai kumbura gaɓɓai da yawa a hannu biyu tare da sandarewar safiya mai daɗewa. Shi wannan maganinsa daban ne, kuma jinkirinsa yana lalata gaɓɓai. Kowanne da hanyarsa, kuma wani lokaci biyu sukan haɗu a hannu ɗaya.

Likita yakan fara da tambaya: "Mama, nuna mini da yatsa ɗaya inda yake miki ciwo." Sai ya kama ƙashin yatsan ya danna shi ciki yana juyawa a hankali. Idan amosanin gaɓar ne, zafin yakan taso nan take, wani lokaci har a ji gurzar ƙashi. Bayan haka sai a tura mutum ɗaukar hoton ƙashi.

Hoto ba ya jin zafi

A 1973, likitocin hannu biyu na birnin New York, Richard Eaton da William Littler, sun kasa ciwon gida 4 bisa abin da hoto ya nuna, daga gaɓar da guringuntsinta bai lalace ba har zuwa wadda ta cinye. Daga baya an gyara rabon ya zama mataki na huɗu shi ne wanda lalacewar ta kai ga gaɓar da ke ƙarƙashin tirafiziyam. Har gobe ana amfani da wannan tsari wajen zaɓar irin aikin da ya dace.

Sai dai hoto da zafi ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wani bincike da aka buga a Ingila a 1994 ya duba hotunan hannun mata 143 da al'adarsu ta ɗauke. Kashi 25 cikin 100 suna da amosani a wannan gaɓa ita kaɗai, amma a cikinsu kashi 28 cikin 100 ne kawai suka ce suna jin ciwo. Wato mafi yawan waɗanda hoto ya nuna gaɓarsu ta zaizaye suna ta harkokinsu lafiya lau. Akwai kuma wadda hotonta bai yi muni ba, amma ba ta iya barci.

Wannan shi ne abin da ya fi kamata mai ciwo da iyalinsa su riƙe. Kada wani ya tsorata don an ɗaga hoto an ce, "Ka ga ƙashin ya cinye." Ba hoton ake yi wa aiki ba, mutum ake yi wa. Ciwon ba ya kisa, ba ya rikiɗewa ya zama daji, kuma jinkirin 'yan watanni ba ya ɓata damar yin tiyata. Babu gaggawa, saboda haka akwai lokacin tunani da shawara.

Kafin a kai ga wuƙa

Mafi yawan masu wannan ciwo ba sa kaiwa ga tiyata. A ƙasar Holan, wani bincike da aka buga a 2018 ya bi mutum 809 da aka yi wa magani da takalmin yatsa, wato abin ɗauri mai tallafar gindin yatsan, da motsa hannu. Bayan shekara biyu da 'yan watanni, kashi 15 cikin 100 ne kawai aka yi wa aiki. A Suwidin kuma, a wani bincike da aka buga a 2001, an ɗauki mutum 33 da ke jiran tiyata aka ba su kayan sauƙaƙa aiki da shawarwari, wasunsu kuma har da takalmin yatsa. Bayan wata 7, kashi 70 cikin 100 sun ce ba sa bukatar aikin.

Magungunan wannan mataki ba su da tsada. Na farko shi ne sauya yadda ake aiki: a naɗe mariƙin muciya ko wuƙa ko fartanya da tsumma ko roba don ya yi kauri, domin abu siriri ya fi matse gaɓar, a ɗauki tukunya da hannu biyu, a rataya wanki ya tsane a maimakon murɗa shi, a kai masara inji. Na biyu shi ne takalmin yatsa, ɗan abin da ake ɗaurawa ya tallafi gindin yatsan lokacin aiki ko da dare. Na uku shi ne atisayen da masu gashin ƙashi ke koyarwa don ƙarfafa naman da ke kewaye da gaɓar da buɗe tsakanin babban yatsa da manuni. Tsoma hannu a ruwan ɗumi yana taimakawa, musamman da hunturu. Wajen magani kuwa, ƙwararru sun fi son a fara da na shafawa mai ɗauke da dikulofenak ko makamancinsa kafin na haɗiya, saboda kaɗan ne yake shiga jini.

Akwai kuma allurar sitiroyid da ake yi a cikin gaɓar. Wasu tana ba su sauƙi na makonni ko watanni, amma ba ta mayar da guringuntsi, kuma ba a yawaita ta. Mai ciwon suga ya sani tana iya ɗaga sugansa na 'yan kwanaki.

A nan ne babban haɗarin yake a garuruwanmu. Mutane da yawa ba sa bin wannan mataki, ba sa kuma zuwa tiyata. Suna tsayawa ne a kan "haɗi", ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tallan kasuwa, galibi masu kashe zafi iri biyu ko uku a haɗe, wani lokaci da sitiroyid a ciki. Shan irinsu dikulofenak da ibufurofen kullum na tsawon watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini a ciki, yana ɗaga hawan jini, yana kuma lalata ƙoda. Sitiroyid na haɗiya ba bisa ƙa'ida ba yana kumbura fuska, ya tayar da ciwon suga, ya rage ƙarfin ƙashi. Tiramadol kuma jiki yana sabawa da shi. Ciwon yatsa ba ya kashe mutum, amma maganin da ake sha masa a ɓoye yana iya kai shi ga wankin ƙoda. Maɗori yana da matsayi a idon jama'a, haka wanzami, sai dai a nan babu karaya balle a ɗora, babu mataccen jini balle a yi ƙaho. Ja da murɗa gaɓar da ta riga ta zaizaye ƙara mata zafi yake yi, tsaga kuma tana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Ire-iren aikin

Idan an bi waɗannan hanyoyi da gaske na tsawon wata uku zuwa shida, zafin bai lafa ba, yana hana barci ko sana'a, to maganar tiyata ta taso. A Nijeriya likitocin ƙashi da likitocin gyaran fata da gaɓɓai ne suke yin aikin hannu. Asibitin Shika yana da waɗannan sassa biyu da sashen gashin ƙashi, Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Dala a Kano kuma, wanda aka buɗe a 1959, shi ne babbar cibiyar ƙashi ta wannan yanki.

Aikin da ya fi daɗewa, ya kuma fi yaɗuwa, shi ne cire ƙashin tirafiziyam ɗungurungum. Wani likitan Ingila, W. H. Gervis, ya bayyana shi a 1949, daga baya kuma shi kansa aka yi masa. Hikimar a fili take: idan babu ƙashin da za a goga, babu zafin gugar. Gurbin yakan cika da tabon nama mai tauri, yatsan ya zauna a kai. Mutane sukan firgita idan aka ce za a cire musu ƙashi, su ɗauka yatsan zai riƙa lilo. Ba haka abin yake ba. Yatsan yakan ɗan nutse kaɗan, amma yana ci gaba da motsi da riƙo.

Saboda tsoron wannan nutsewa ne Burton da Pellegrini a Amurka suka bayyana wani ƙari a 1986: bayan cire ƙashin, sai a tsago wani ɓangare na jijiyar da ke lanƙwasa wuyan hannu, a ɗaure gindin yatsan da ita, a cusa ragowar a gurbin. Aikin ya karɓu ƙwarai. Amma da aka zo gwaji, sai sakamakon ya ba da mamaki. A 2004, Davis da abokan aikinsa a Ingila sun buga binciken da suka yi a kan yatsu 183 da aka raba gida uku: cire ƙashi kawai, cirewa da cusa jijiya, da cirewa tare da ɗauri da cusawa. Bayan shekara guda babu wani bambanci tsakaninsu. Kashi 82 cikin 100 sun sami sauƙin zafi sosai, kashi 68 cikin 100 kuma ƙarfinsu ya dawo yadda za su yi hidimomin yau da kullum. Bibiyar da aka yi musu shekaru bayan haka ba ta sauya hukuncin ba. Masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane ma ba su sami hujjar cewa wani aiki ya fi wani ba. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin ƙarfi: aikin da ya fi sauƙi, wanda ba ya bukatar a sayo ƙarfe ko roba daga waje, ba a nuna ya gaza masu tsada ba.

Hanya ta uku ita ce haɗe gaɓar, a manne ƙasusuwan biyu da waya ko faranti su zama ɗaya. Akan yi tunaninta ga matashi mai aikin ƙarfi, kamar birkila ko maƙeri, wanda tsohuwar karaya ta ɓata wa gaɓa. Riƙo yakan yi ƙarfi, amma yatsan ba zai ƙara juyawa yadda ya saba ba. Shimfiɗa tafin hannu a ƙasa ko sa hannu a aljihu yakan yi wuya. Wani lokaci ƙasusuwan ba sa haɗewa, musamman ga mai shan taba. A Holan an dakatar da wani gwaji da aka buga a 2014 tun kafin a kammala shi, saboda matsaloli sun fi yawa ga matan da aka haɗe wa gaɓa.

Ta huɗu ita ce dasa gaɓar roba da ƙarfe, wadda likitan Faransa de la Caffinière ya fara a farkon shekarun 1970. Ta fi yaɗuwa a Faransa da Beljiyam. Ana saurin komawa aiki da ita, sai dai tana da tsada, tana iya gocewa ko sassautawa, a sake buɗe hannun.

Tambayoyin da suka kamata

Shawarar tiyata ta mai ciwon ce, kuma tambaya ba rashin ladabi ba ce. Da yawa daga iyayenmu idan suka shiga ofishin likita ba sa cewa komai sai, "Yadda ka gani, Likita." Kunya da girmamawa abin yabo ne, amma likita ba ya zaune a gidan, bai san aikin da hannun yake yi ba sai an faɗa masa. Yana da kyau ɗa ko 'ya su raka, su taimaka a tambaya: wane irin aiki za a yi, kuma me ya sa shi ya fi dacewa da ni? Sau nawa ake yin irinsa a nan? Mako nawa hannun zai yi a ɗaure? Wa zai koya mini atisaye, sau nawa zan dawo? Nawa ne kuɗin gaba ɗaya, har da gwaje-gwaje da gashi?

Akwai kuma tambayar da mutum zai yi wa kansa: me nake nema, sauƙin zafi ko ƙarfi? Tiyatar nan maganin zafi ce. Ba ta mayar da hannu na ɗan shekara ashirin. Wadda zafi ya hana barci, ta kasa ɗaura zane ko riƙe carbi, ita ce ta fi cin riba. Wanda kuwa zafinsa kaɗan ne, rashin ƙarfi ne damuwarsa, zai iya fitowa bai gamsu ba. Mai ɗinkin hula da ke bukatar lallausan motsi da makanike mai bukatar damƙa ba lallai shawara ɗaya ta dace da su ba, ko da hotonsu iri ɗaya ne.

A kuma san matsalolin da kan biyo baya. Akwai 'yan jijiyoyin ji da suka ratsa ta wurin yankan. Idan suka taɓu, bayan yatsan yakan mutu ko ya riƙa zogi, galibi na ɗan lokaci. Tabon yakan yi zafi na watanni. Wurin yankan yana iya ruruwa, musamman ga mai suga da bai daidaita ba. Kaɗan daga cikin mutane kuma sukan gamu da wani zafi mai ƙuna da kumburi da sandarewar hannu gaba ɗaya, wanda ke bukatar a kama shi da wuri. Mai suga ko hawan jini sai ya daidaita su tukuna, mai shan taba kuma ya daina.

Daga ɗakin tiyata zuwa shekara guda

Aikin kansa yakan ɗauki kamar awa ɗaya. Ba dole sai an sa mutum barci ba. Ana iya kashe hannun kaɗai da allura. Sau da yawa akan koma gida a ranar ko washegari, hannu a naɗe da filasta daga tsintsiyar hannu zuwa babban yatsa, sauran yatsun a sake.

Makonni biyun farko na yaƙi da kumburi ne. Hannu ya zauna sama da ƙirji, a kan matashi idan an kwanta, ana motsa sauran yatsu da gwiwar hannu da kafaɗa kullum don kada su sandare. Kada ruwa ya taɓa ɗaurin. Idan yatsu suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko zafi ya ƙi jin magani, ko zazzaɓi ya zo, ko wari ya fito daga ɗaurin, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14.

Daga nan yatsan yakan ci gaba da zama a filasta ko takalmi har mako 4 zuwa 6, gwargwadon irin aikin da tsarin likitan. Idan haɗe gaɓa aka yi, sai hoto ya nuna ƙashi ya kama. Ranar da aka kwance hannu, mutane da yawa sukan karaya: ya rame, ya sandare, ba ya iya riƙe cokali. Haka yake ga kowa. A nan gashi yake farawa: taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, buɗe shi, murza tabon da mai don ya yi laushi. Ƙananan ayyuka kamar cin abinci da sa maɓalli sukan dawo daga mako na shida. Aiki mai nauyi, irin su daka da noma da tuƙa babur, sai bayan wata uku ko fiye. Ƙarfin matsi kuwa yana ci gaba da ƙaruwa har wata shida zuwa shekara guda. Wanda ya yanke wa aikin hukunci a wata na biyu ya yi gaggawa.

Jinya aikin gida ce

Littattafan likitanci da aka rubuta a Turai sukan ce mutum ya ɗauki hutun aiki. Matar aure a Bomo ba ta da ofishin da za ta kai takardar hutu. Idan ba a tsara ba tun kafin ranar aiki, a mako na biyu za a same ta a gaban murhu tana tuƙi da hannu ɗaya, a na uku ta kwance ɗaurin don ta yi wanki. Aikin likita mai kyau yakan lalace a tsakar gida. Don haka kafin a sa hannu a takardar amincewa, maigida da 'ya'ya da surukai su zauna su raba hidima: wa zai yi girki, wa zai ɗebo ruwa, wa zai kai ta gashi, na tsawon wata uku.

Lokaci ma abin dubawa ne, tunda ciwon yana ba da damar zaɓe. Manomi ya fi dacewa a yi masa bayan an kai amfani gida, domin hannun ya yi ƙwari kafin ruwan shuka, sai dai idan yana noman rani. Maɗinki da mai kitso su guji watannin gab da Sallah, lokacin da suke samun kuɗin shekara. Malamin makaranta ya nemi dogon hutu. Idan hannu biyu ne suke ciwo, ɗaya ake fara yi, a bar ɗayan sai na farko ya warke. A tuna kuma kowane hannu da hidimarsa a rayuwarmu: dama ta ci da gaisuwa, hagu ta tsarki. Dattijo ko dattijuwa za su ji nauyin faɗin wannan bukata, saboda haka na kusa da su ne ya kamata su hango ta. Batun alwala kuwa, malaman fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, sai a tambayi malami tun da wuri don kada a jiƙa filasta saboda rashin sani.

Sai kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kiwon lafiya daga aljihun jama'a yake fita. Jihar Kaduna ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, da dokar 2018, gwamnatin tarayya kuma ta yi sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022. Wanda yake cikin ɗayan tsare-tsaren ya bincika abin da suke biya kafin ya fara. Wanda ba ya ciki ya lissafa har da kuɗin mota zuwa gashi da cinikin da zai rasa na watanni. Tara kuɗin tiyata kaɗai a manta da na jinya, rabin shiri ne.

Abin da ya rage mana

Gyara mafi girma ba a ɗakin tiyata yake ba. Yana ƙananan asibitocin unguwa, inda ma'aikacin lafiya zai iya kama gindin yatsa ya gane ciwon cikin minti biyu, ya koya wa mai shi kauraran mariƙi da atisaye, ya raba shi da haɗi, ya kuma san lokacin da zai tura shi Shika. Samaru gari ne na dukawa da maɗinka, ga kuma cibiyar nazarin fata da kimiyya ta ƙasa a cikinsa. Takalmin yatsa mai araha, wanda masu gashin ƙashi za su auna su tsara, bai fi ƙarfin waɗannan hannaye ba.

Sauran gyaran yana cikin gidajenmu. Matan da suka shekara talatin ko arba'in suna ɓara da tuƙi da wanki sun cancanci amsar da ta wuce "sai haƙuri". Wasunsu takalmin yatsa da ragin aiki za su wadatar da su. Kaɗan daga cikinsu za su bukaci tiyata, kuma mafi yawan waɗannan za su rabu da zafin idan aka ba hannun watannin da yake bukata. Ko wanne ne ya dace, ba za a sani ba sai an kai su an duba, an saurari abin da suke so, an kuma ɗauke musu muciya har su warke.